Baƙin Hunturu a Gaɓar Tekun Legas da Yadda Ake Kallonsu

Duk wanda ya tashi a Arewa ya san shamuwa. In ta sauka a kan rimi ko tsamiyar gari, manomi ya san damina ta ƙarato, sai ya kai fartanya maƙera. Legas ma tana da nata baƙin masu zuwa da lokaci, sai dai su hunturu ne lokacinsu, kuma ba bishiya suke nema ba, bakin ruwa suke bi. Daga Satumba suke fara isowa, su cika a Disamba da Janairu, su juya a Maris da Afrilu. Daga arewacin Turai da Saibiriya da Girinlan suke tasowa, inda sanyi ke daskarar da ƙasa abinci ya gagara, su biyo gaɓar Tekun Atlantika har Afirka ta Yamma. Masu bincike sun ɗaura wa wasunsu 'yar na'ura a ƙasar Aisilan, suka tarar sun iso Afirka ta Yamma cikin kwana huɗu zuwa biyar ba tare da sun sauka ko sau ɗaya ba. Irin tsuntsun da ya yi wannan tafiya yana nan yana tonon ƙaguwa a lakar bayan gari, dubban mutane suna wucewa ta kansa a gada kullum ba su san da shi ba.

Abin da ya fi hana sabon mai kallo ganin komai shi ne fita a lokacin da ya yi masa daɗi. Tsuntsun bakin teku ba ruwansa da agogo, ruwa yake bi. A Legas teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, saboda haka lokacin yana ja baya da kusan minti 50 kullum. In yau ruwa ya janye ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura minti goma. Bambancin cika da janyewa a nan ba shi da yawa, bai cika wuce mita ɗaya ba, ba kamar wasu gaɓoɓin Ingila da Faransa ba inda ruwa ke sauka mita da yawa. Wannan ƙarancin shi ya sa lissafi ya zama dole: lakar da ke buɗewa 'yar siririya ce, kuma ba ta daɗewa.

Mu da ke bin lissafin wata muna da sauƙi a nan. Ruwa ya fi cika sosai ya kuma fi janyewa sosai a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa motsinsa kaɗan ne, laka ba ta buɗewa sosai. Sai ka duba kalandar Musulunci ka zaɓi rana, sannan ka duba jadawalin cikar teku na Legas a intanet don sanin awa. Amma ka lura, awar da jadawalin ke bayarwa ta bakin mashigar jiragen ruwa ce. Cikin lagun, wato babban tafkin nan da Gadar Third Mainland ta ratsa, ruwa yana makara, kuma motsinsa yana raguwa gwargwadon nisanka da teku. Wanda ya nufi bakin ruwan Akoka ko ɓangaren Oworonshoki sai ya ƙara lokaci a kan abin da ya gani a waya, kuma zuwa biyu ko uku ne za su nuna masa nawa zai ƙara a wurin da ya zaɓa.

Lokacin da ya fi albarka ba ƙarshen janyewa ba ne, domin a lokacin tsuntsaye sun bazu can nesa. Ka isa awa uku kafin cika, ka zauna wuri guda. Ruwan da ke dawowa shi zai koro su wajenka kaɗan-kaɗan, suna ci suna matsowa. Ruwa ba da gudu ɗaya yake tahowa ba. In ka raba hawansa kashi goma sha biyu, awa ta farko kashi ɗaya yake hawa, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan biyu, sannan ɗaya. Rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake shigowa, kuma a nan ne ake rutsa mutumin da ya taka tsibirin yashi ya manta da hanyar komawa.

Sai rana. Gaɓar Legas kudu take kallo, kuma a Disamba da Janairu rana ma ta karkata kudu. Da hantsi in ka fuskanci teku, ƙyallin ruwa kawai za ka gani, kowane tsuntsu ya zama baƙin ɗigo. Rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai saura. Da safe ka fara daga gabas ka yi tafiya yamma, da la'asar ka juya ka nufi gabas, don rana ta zauna a bayanka. Hazon hunturu yana rage hangen nesa, gaskiya ne, amma yana tausasa haske, launin ƙafa da na baki su fito da kyau a kusa. Iska kuwa da safe sau da yawa lumus take, ko ta busa daga tudu. Bayan azahar iskar teku ke tashi daga kudu maso yamma, ta zo da feshin gishiri da yashi. Duk tsuntsun da ya sauka yana fuskantar iska ne. In iska tana bayanka, ƙirjinsu da bakinsu za ka gani. In kana son ganin gefen jiki, inda alamomin ganewa suka fi yawa, ka tsaya iska tana dukan kafaɗarka ɗaya.

Wurin da ya fi haɗa abubuwa da yawa shi ne Tarkwa Bay da rairayin da ke bayanta, wanda ake kira Lighthouse Beach saboda tsohuwar hasumiyar fitila da ke can. Da jirgin ruwa ake zuwa, daga CMS ko Falomo, tafiyar kamar minti ashirin. Ga mazaunin Obalende wannan kusa ne. Na Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago sai ya fito da an sallame asuba kafin hanya ta cushe. Kada ka shiga jirgin da ba a ba ka rigar ceto ba, ka ɗaure ta sosai, kuma ka yi ciniki da mai jirgi kan lokacin dawowa tun kafin ka sauka, domin ba a son tafiyar ruwa bayan magariba. Wajen 1908 zuwa 1912 aka jera manyan duwatsu aka yi katangu biyu dogaye a bakin mashigar tashar don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Igiyar ruwa a nan tana ɗaukar yashi daga yamma zuwa gabas, sai katangar yamma ta tare shi. Shi ya sa rairayin Lighthouse ya yi faɗi, Bar Beach da ke gabas kuma ta yi ta zaizayewa har aka zo aka cike wurin aka gina sabon birnin Eko Atlantic. Ga mai kallon tsuntsu amfanin wannan shi ne cikin tafiyar ƙafa ɗaya zai samu dutse, da buɗaɗɗen rairayi, da ruwa mai kwanciya, kowanne da irin tsuntsunsa.

Gargaɗi guda a nan, kuma ba na wasa ba ne. Yankin yana da ma'ajiyar mai ta Atlas Cove, da jami'an tsaro, da manyan jirage masu shiga Apapa da Tin Can. Kada ka ɗaga madubi ko kyamara wajen waɗannan. In an tambaye ka, ka yi sallama, ka nuna littafinka da hotunan tsuntsayen da ke wayarka, ka riƙe katin shaida a aljihu. Duwatsun katangar kuma inda ka ga kore ko baƙi mai sheƙi santsi ne da shi kamar kuɓewa, kuma igiya tana hawa kansu ba sanarwa. Ruwan teku yana alwala, amma ka ɗebo a buta daga ɓangaren da ruwa ya kwanta, kada ka tsuguna a bakin igiyar Lighthouse, tana da ja.

Akwai sauran wurare: bakin ruwan Jami'ar Legas a Akoka, rafin Badagry, Ilashe da Ibeshe, ɓangaren Epe. Gandun Lekki da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ta kafa a 1990, mai faɗin hekta 78, wuri ne mai kyau na koyon riƙe madubi da saduwa da masu wannan sha'awa, sai dai tsuntsayen daji da na fadama ne a can, ba na rairayi ba.

Yawancin waɗannan baƙi ba su da sunan Hausa da kowa ya sani, don haka za mu siffanta su, mu haɗa da sunan kimiyya inda zai taimaka wajen nema a littafi ko manhaja. Wahalarsu ita ce a hunturu duk sun tuɓe kayan adonsu, sun koma toka-toka da ruwan ƙasa. Kada ka fara da launi. Ka fara da girma, sai tsawon baki da siffarsa, sai launin ƙafa, sai yadda yake cin abinci. Ka riƙe ma'auni biyu da ka sani, kurciya da tattabara, ka riƙa gwada kowane tsuntsu da su.

Babbansu da za ka fi gani shi ne mai lanƙwasasshen baki, Numenius phaeopus. Ya ɗara tattabara, tsawonsa santimita 40 zuwa 46, bakinsa ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje, kansa da ratsi biyu masu duhu da fari a tsakiya. In ya tashi yana yin fito mai sauri, sauti iri ɗaya kamar sau bakwai a jere. Ka zuba masa ido minti biyar a laka. Zai taka a hankali, ya karkata kai, ya zura baki cikin ramin ƙaguwa har gindinsa, ya jawo ta, ya girgiza ta har ƙafafunta su zube, wani lokaci ya kai ta ruwa ya ɗauraye, sannan ya haɗiye. Lanƙwasar bakin ta dace da lanƙwasar ramin. Yana da ɗan'uwa da ya fi shi girma da tsawon baki, amma shi ba ratsi a kansa, kuma ba a cika ganinsa ba.

Wanda ba ka rasa shi ko a bakin kwata mai shiga lagun shi ne mai kaɗa gindi, Actitis hypoleucos. Bai kai kurciya ba, santimita 20 ne, kullum bayansa na sama da ƙasa kamar an ɗaura shi a kan sifirin. Farin cikinsa ya hau tsakanin ƙirji da fiffike kamar tsinin wuƙa, kuma yana tashi dab da ruwa da fikafikai a sandare suna karkarwa. Shi kaɗai yake yawo. Mai koren ƙafa, Tringa nebularia, ya fi shi tsayi nesa ba kusa ba, bakinsa ya ɗan ɗaga sama, in ya tashi farin bayansa ya hau har tsakiyar gadon baya, yana kuka sau uku, tiyu-tiyu-tiyu.

A buɗaɗɗen rairayi akwai 'yan farare masu tsere da igiya, Calidris alba. Igiya ta koma su bi ta a guje suna caccakar jiƙaƙƙen yashi, ta dawo su juyo, ƙafafunsu baƙaƙe ba ka ko iya ganin motsinsu don sauri. Nauyin ɗaya bai wuce na ƙwan kaza ba, giram 50 zuwa 60, amma a Girinlan ko Saibiriya aka ƙyanƙyashe shi. A ganina babu abin da ya kai wannan daɗin kallo a duk gaɓar. Kan duwatsu kuma sai mai juya tsakuwa, Arenaria interpres, gajere kakkaura mai ƙafa ruwan lemo, yana sa baki ƙarƙashin ɓawon kifi ko tarkace ya kifar da shi ya cinye abin da ke ƙasa.

Dangin zakaran ƙeƙuwa da tafiyarsu ake gane su: gudu, tsayawa cak, sara, sannan gudu. Da ido suke farauta, ba da laluben baki ba. Babban cikinsu mai toka-toka, Pluvialis squatarola, a zaune ba shi da wata alama sai ƙaton ido da gajeren baki mai kauri, amma da ya buɗe fiffike za ka ga baƙin tabo a hammatarsa, kuma babu wani a gaɓar mai irin wannan. Ƙaramin mai ƙwala a wuya da ƙafa ruwan lemo baƙo ne. Wani ɗan fari-fari mai farin goshi kuwa ɗan gida ne, a kan yashi yake ƙwai, don haka ka riƙa tafiya a jiƙaƙƙen yashi kusa da ruwa, ka bar busasshen na sama.

Sai masu shawagi a kan ruwa suna faɗawa kifi da ka, waɗanda za mu kira tsattsewar teku saboda wutsiyarsu mai baki biyu. Baki ne mabuɗinsu. Babba mai baki ruwan lemo ɗan Afirka ta Yamma ne. Mai baƙin baki da ɗigon rawaya a tsini daga Turai yake. Wanda ya fi su duka girma bakinsa ja ne mai kauri kamar karas. Ƙananan sukan rikita ko gwani, kuma ba laifi ka rubuta cewa ka ga tsattsewar teku ƙarama ba ka tantance ba. Wannan ya fi ƙirƙirar suna. Lokacin da masunta ke jan koma zuwa gaɓa suna taruwa a kanta, nan ne za ka gan su kusa.

Fararen nan ma ba duka ne balbela ba. Balbelar shanu bakinta gajere ne rawaya, kuma ba ta cika shiga ruwa ba. Mai baƙin baki siriri da baƙar ƙafa da yatsu rawaya, ita ce ke tsayawa cikin ruwa tana motsa laka da ƙafa ɗaya. Akwai wata mai kama da ita da ke zuwa kala biyu, fara ko baƙa-baƙa mai farin maƙogwaro, ita ce ta fi son duwatsu da jijiyoyin itatuwan bakin ruwan gishiri. Zalɓe kowa ya san shi. In ka ɗaga kai ka ga kamar shirwa amma cikinta fari, da baƙin ratsi ta ido, kuma wutsiyar ba ta rabu ba, shahon kifi ne daga Turai. Da ƙafa yake faɗawa ruwa, ya tashi da kifin kansa na kallon gaba.

Batun madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 shi ne daidai. Takwas ɗin yawan kusantowa ne, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 10x42 yana kawo abu kusa fiye da haka amma yana nuna rawar hannu, kuma a iska ko cikin jirgi abin ya fi muni. Ka guji masu gilashi mai launin ja da manyan lambobi irin 20-180x100 da ake tallarsu a go-sulo. Kafin ka biya, ka kalli wayar lantarki daga nesa, ka janye madubin kaɗan daga idonka. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, bututun biyu ba su daidaita ba, ciwon kai kawai zai ba ka. Ka nemi wanda aka rubuta ruwa ba ya shigarsa. Saitin ido sau ɗaya ake yi: rufe gilashin dama da tafin hannu, juya dabaran tsakiya har idon hagu ya ga rubutun allo sarai, sannan rufe na hagu, ka juya zoben da ke kan na dama kaɗai har shi ma ya fito. Wajen nema, ka kafa ido a kan tsuntsun, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba. Masu duban madubi kafin su duba tsuntsu su ne ke cewa ya tashi, alhali yana nan.

Wanda ya samu babban madubi mai ƙafa uku, kada ya zaro ƙafafun duka a iska. Ya rage tsayi, ya zauna, ya danna ƙafafun cikin yashi, ya rataya jaka a tsakiya don nauyi. Bayan ƙarfe goma zafin yashi yana sa hoto rawa, kusantowa fiye da ninki 30 ba ta ƙara komai.

Gishiri da ƙurar hunturu su ne ajalin gilashi. Kada ka goge da bakin riga, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi har abada. Ka hure ƙurar tukuna, ka share da burushi mai laushi, sannan ka ɗan jiƙa ƙyalle mai taushi da ruwa mai tsabta ka ɗauke gishirin. A gida kada ka kulle shi cikin jakarsa. Laimar Legas tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, kamar saƙar gizo-gizo, kuma in ta kama da wuya ta fita. Ka aje shi inda iska ke shiga, ko cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. In ka fito daga mota mai sanyi gilashi zai yi gumi, ka ba shi minti goma ya huce da kansa. Ka tafi da ruwan sha aƙalla lita biyu, da hula mai baki, da man leɓe, da tufafi marasa ƙyalli. Farar shadda tana kaɗawa a iska, tun daga nesa take korar garke.

In ruwa ya cika, tsuntsayen suna taruwa a tudun yashi su huta, kai cikin fiffike, ƙafa ɗaya a naɗe. Nan ne ya fi sauƙin ƙirga, nan ne kuma aka fi cutar da su. Duk tashin da aka sa su yi yana cin kitsen da suke tarawa don komawa gida. Ka tsaya mita 50 zuwa 100, ka zauna ƙasa. In ka ga kawuna sun ɗago, ko na gefe sun fara takawa, ka yi kusa da yawa, ka ja baya. Wajen ƙirga, ka ƙidaya goma ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe faɗinsu a ido, sannan ka auna sauran garken goma-goma. Ka maimaita daga ɗaya gefen, in lissafin biyu ya sha bamban ka ɗauki na tsakiya. Ka rubuta kwanan wata, awa, wuri, matsayin ruwa da inda iska ta fito. Ka duba ƙafafu kuma: wasu suna ɗauke da zobba masu launi ko 'yar tuta mai harufa da aka sa musu a Turai. Ana karantawa daga ƙafar hagu ta tsuntsun, sama zuwa ƙasa, sannan ta dama, a ɗauki hoto in ya yiwu.

Wannan rubutu yana da inda ake kai shi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kowane Janairu, kuma fadamar Hadejiya da Nguru tana cikin wuraren da aka fi sani da ita a ƙasar nan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a tsaye tara a kwance. Da manhajar BirdLasser ake shigar da abin da aka gani, ana so a yi aƙalla awa biyu a cikin gida ɗaya. Akwai kuma manhajar eBird. Legas tana cike bakin ruwanta da yashi tana gini a kai kowace shekara, kuma lakar da ba wanda ya rubuta abin da ke ci a cikinta ba mai iya kare ta ranar da za a cike ta.

Daga tsakiyar Maris sai ka ga sun fara canza kaya. Mai baƙar hammata cikinsa ya fara yin baƙi dabbare-dabbare, mai juya tsakuwa bayansa ya yi ja, masu tsere da igiya wuyansu ya ɗauki ruwan ƙasa, kuma duk sun yi ƙiba suna ci ba ɗaga kai. Zuwa ƙarshen Afrilu yawancinsu sun tafi, sai 'yan ƙananan da ba su isa aure ba, waɗanda kan yi damina a nan. A daidai lokacin ne kuma wata 'yar ƙaramar tsattsewar teku da ke ƙwai a gaɓar Namibiya take haurowa daga kudu, ta zauna a rairayin Legas har wajen Oktoba.